An Kama Ɗan'uwana a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kamfanonin Beli

Na daɗe ina aikin tafinta a kotunan New York, don haka lambata ta yawata a hannun mutanenmu na Bronx da Harlem. Wayar da ke shigowa ƙarfe biyun dare ba ta gaisuwa ba ce. Ko dai an kama direban tasi, ko yaro ya shiga hannu, ko maƙwabta sun kira 'yan sanda kan hayaniyar miji da mata. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum, shi ya sa na tara su wuri guda. Ni ba lauya ba ne, kuma kowace jiha a ƙasar nan da nata tsarin, amma abin da ke ƙasa shi ne abin da nake gaya wa duk wanda ya kira ni.

An ce an kama shi. Me zan fara yi a daren nan?

Ka fara gano inda yake. Ka nemi cikakken sunansa kamar yadda yake rubuce a lasisin tuƙi ko fasfo, da ranar haihuwarsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu, domin wanda ake kira Mamman a gida yana iya zama Mohammed ko Mahamadou a takarda, kuma kwamfutar gidan yari ba ta san laƙabi ba. Yawancin gidajen yari na gundumomi suna da shafin neman wanda aka tsare a intanet, akwai kuma shafin VINELink da ke haɗa jihohi da yawa.

Idan ya samu ya kira ka daga ciki, kada ka tambaye shi "me ya faru?" Ana naɗar wayoyin gidan yari, kuma mai gabatar da ƙara yana iya saurarensu. Yin magana da Hausa ba kariya ba ce; irina ake ɗauka a biya mu mu fassara. Ka tambaye shi lafiyarsa, da maganin da yake sha, da lambar da aka ba shi. Ka ce masa ya yi shiru har sai ya ga lauya.

Abu na uku, kada ka biya kowa ko sisi a daren nan. Ba a ma yanke belin ba tukuna a mafi yawan lokuta.

Wa ke yanke beli, kuma yaushe?

Alƙali ne, a zaman farko da za a gurfanar da shi. A New York ana sa ran a kai mutum gaban alƙali cikin awa 24. A ƙasa baki ɗaya, Kotun Ƙoli ta yanke a 1991 cewa wanda aka kama ba da takardar kamu ba, dole alƙali ya duba dalilin tsare shi cikin awa 48. Wasu gundumomi, musamman a Kaliforniya, suna da jadawalin da ya sa wa kowane laifi farashinsa, mutum yana iya biya tun kafin ya ga alƙali.

A zaman nan alƙali yana da zaɓi: ya sallame shi bisa alkawarin zai dawo, ya sallame shi da sharuɗɗa, ya sa kuɗi, ko ya hana belin gaba ɗaya. Beli ba tara ba ne, ba kuma hukunci ba. Ajiya ce da ake yi don a tabbata mutum zai dawo kotu. Gyara na takwas na kundin tsarin mulkin Amurka, tun 1791, ya hana tsawwala beli, sai dai abin da alƙali ke gani daidai ne yakan zama dutse a kan talaka. Duk wanda ya zauna a Bronx ya ji labarin Kalief Browder, ɗan shekara 16 da aka kama a 2010 bisa zargin satar jaka, aka sa masa dala 3,000, iyalinsa suka kasa biya, ya yi shekara uku a gidan yarin Rikers ba a taɓa samunsa da laifi ba.

Idan za ka iya, ka je kotun da kanka, ka ɗauki dattawa biyu ko uku. Lauya yakan juya ya nuna wa alƙali benci ya ce ga matarsa, ga yayansa, ga limaminsu. Na sha ganin wannan ya yi aikin da kuɗi bai yi ba.

To shi kamfanin beli mene ne aikinsa?

Su ne shagunan da ke jere a gefen kotu da gidan yari, da fitila mai walƙiya an rubuta Bail Bonds, a buɗe dare da rana. A ce alƙali ya sa dala 20,000, kai kuma ba ka da su. Dillalin beli zai kai wa kotu takardar lamuni, da goyon bayan wani kamfanin inshora, cewa idan mutumin ya ƙi zuwa za su biya dubu ashirin ɗin. Ba ya zuba wa kotu tsabar kuɗi. Takarda ce kawai. Ladansa shi ne wani kaso da kai za ka biya shi, sannan ka sa hannu cewa idan abu ya ɓaci, kai ne za ka mayar masa da duk abin da ya yi asara.

Wanda ya saba da Najeriya zai ga abin baƙo. A can an rubuta "beli kyauta ne" a bangon caji ofis (kowa ya san yadda kyautar take), a kotu kuma a ce a kawo ma'aikacin gwamnati mai mataki kaza ko mai fili a cikin gari ya tsaya wa mutum. A nan tsayawar ce aka mayar sana'a. Amurka da Filifin ne kawai aka san su da wannan kasuwa a haka.

Nawa za su caje ni?

A yawancin jihohi kashi 10 cikin 100 na belin. Wasu wurare yakan kai 15. Belin dala 20,000 ke nan zai ci maka 2,000. New York tana da ma'auni a doka: kashi 10 na dala 3,000 na farko, kashi 8 daga nan zuwa 10,000, kashi 6 na abin da ya haura. Belin 10,000 bai kamata ya wuce kimanin dala 860 ba, na 20,000 kuma kimanin 1,460. Duk wanda ya ƙara maka "kuɗin takarda" ko "kuɗin kai saƙo kotu" a kan wannan, ka ce ya nuna maka inda doka ta yarda.

Da yawansu suna karɓar biya kaɗan-kaɗan. Ka karanta da kyau, domin bashin yana nan a wuyanka ko da an kori ƙarar washegari.

Idan aka wanke shi, kuɗina zai dawo?

A'a. Wannan ne wurin da mutanenmu suka fi yin kuskure. Kashi goman nan ladan kamfani ne, ya tafi ke nan. A same shi da laifi, a wanke shi, a janye ƙarar bayan kwana biyu, duk ɗaya ne.

Na taɓa raka wata Hajiya, mai kitso a Harlem, wadda ta biya wa ƙaninta. Wata huɗu bayan nan aka kori ƙarar. Ta shirya tsaf, ta ɗauko rasit ɗinta a cikin leda, muka je shagon. Mutumin da ke bayan gilashi ya ɗora yatsa a kan wani layi a shafi na biyu, inda ita da kanta ta sa haruffan sunanta. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka gaya masa yaron bai yi komai ba." Na gaya masa. Ya ce ya yi murna da jin haka. Muka fito.

Inda kawai ake da hujja mai ƙarfi ta neman a mayar da kuɗin shi ne idan ba a saki mutumin ba sam. A New York babbar kotun jiha ta yanke a 2017 cewa idan wanda aka tsaya wa bai fito ba, dillali ba shi da ikon riƙe ladan.

Ashe akwai hanyar da ba sai na bi ta kamfani ba?

Akwai, kuma ita ya kamata a fara dubawa.

Idan dangi za su iya haɗa cikakken kuɗin, a kai wa kotu ko gidan yari kai tsaye. Wannan kuɗin yana dawowa idan shari'a ta ƙare matuƙar mutum bai tsallake zama ba. A New York ana cire kashi 3 idan an same shi da laifi. Idan an wanke shi ko an kori ƙarar, a mayar da shi cif. Sunan da ke kan rasit shi za a rubuta wa cek, saboda haka a zaɓi mai amana kuma mai adireshi tsayayye.

Akwai kuma inda kotu da kanta ke karɓar kashi 10, sauran ya zama alkawari a kan wanda ya sa hannu. Bambancinsa da na kamfani shi ne wannan kashi goman yana dawowa. Tun gyaran dokar beli da ya fara aiki a Janairun 2020, alƙalin New York da ya sa kuɗi dole ya ba da hanyoyin biya aƙalla uku, ɗaya daga ciki irin wannan ce ko wadda ba a ajiye komai. Mutane da yawa ba su sani ba, suna fita daga kotu su faɗa shagon farko da suka gani. Ka tambayi lauya: hanyoyi nawa alƙali ya bayar?

Lauya yana kuma iya komawa ya roƙi a rage belin. Wani lokaci haƙurin kwana uku yakan tsirar da dala dubu biyu. Wani lokaci kuma kwana ukun su ne za su sa mutum ya rasa aikinsa. Ku auna da kanku.

Sai ƙungiyoyin agaji masu biya wa marasa hali, irin The Bail Project. Akwai ma ta Musulmi, Believers Bail Out, da ta faro a Shikago tana tara zakka don wannan aiki.

Kowace jiha ake samun waɗannan kamfanoni?

A'a. Illinois, Kentucky, Oregon da Wisconsin ba su yarda da sana'ar ba. Illinois ma ta soke belin kuɗi gaba ɗaya tun 18 ga Satumba 2023. New Jersey ta kusan daina sa kuɗi tun 2017, birnin Washington kuwa ya daɗe da barin abin. A kotun tarayya ba kasafai ake amfani da dillali ba. An fi neman 'yan'uwa masu aiki su sa hannu, ko a jinginar da gida. A Texas, Georgia, Florida da Kaliforniya kasuwar tana ci sosai.

Sun ce in zo in sa hannu kawai. Me nake ɗaukar wa kaina?

Babu "kawai" a cikin wannan sa hannun. Kana cewa ne: idan ya ƙi zuwa kotu, ni zan biya belin dukansa, da kuɗin da aka kashe wajen nemo shi, da kuɗin lauyan kamfani idan takardar ta faɗi haka. Suna iya kai ka kotu, a riƙa yankar albashinka, a ɓata maka tarihin bashi ta yadda ko hayar gida za ta yi maka wuya. Shi ya sa suke neman takardar albashinka, da shaidar inda kake zaune, da lambobin 'yan'uwa.

Mu mutane ne masu kunya da kara. Ɗan garinku ya shiga hannu, an taru bayan sallar Isha'i, kowa ya san kai ne mai aikin asibiti da takardu cikakku, ido duk ya dawo kanka. A irin wannan wuri cewa "a'a" ya fi ɗaukar dutse nauyi. Amma ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: na san inda yake kwana? Yana da abin da zai riƙe shi a garin nan, mata, 'ya'ya, aiki? Idan ya ji shari'a ta yi zafi, mutum ne da zai tsaya ko zai nemi tikitin Legas ko Akara? Idan kuma ya tafi, ina da dala dubu ashirin? Wanda ya san amsar ƙarshe a'a ce, ya ba da gudunmawar kuɗi gwargwadon ƙarfinsa, ya bar biron a kan tebur. Ba rashin zumunci ba ne.

Idan ka yanke za ka sa, kada ka sa a takardar da ke da gurbin da ba a cike ba. Ka karɓi kwafin kowane shafi kafin ka tashi daga kujera. Ka duba ko akwai sharaɗin sake biyan lada idan shari'a ta wuce shekara. Kaliforniya ta haramta wannan tun 2022, amma ba ko'ina ba. In Turancinka bai kai na takardar lauyoyi ba, ka tafi da wanda nasa ya kai. Shagon ba zai rufe ba.

Sun nemi jingina. Me ake bayarwa?

Kuɗi, takardar mota, gwal, ko gida idan belin babba ne. Gidan ba ƙwace shi ake yi nan take ba, ana ɗora masa alamar bashi ne a rajistar gunduma, ba za ka iya sayarwa ko karɓar rance a kansa ba sai an cire. Fili a Kano ko gida a Kumasi ba ya yi musu amfani.

Mata, idan sarƙa da awarwaro za a bayar, a auna nauyinsu, a rubuta a rasit ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto a kan teburin shagon. "Kayan ado, leda ɗaya" ba rasit ba ne.

Mijina ba shi da takardun zama. In biya belin?

Ki dakata tukuna, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan. Da zarar an ɗauki zanen yatsunsa, bayanin yana isa hannun gwamnatin tarayya. Hukumar shige da fice, ICE, tana iya aika wa gidan yarin takardar cewa a riƙe mata shi har awa 48 bayan lokacin da ya kamata a sake shi. Idan akwai wannan takarda kuma gidan yarin yana aiki da ita, kina biyan beli za a buɗe masa ƙofa ɗaya a shigar da shi wata. Kuɗin kamfani ya tafi, shi kuma an wuce da shi wurin tsare baƙi, watakila a wata jiha mai nisa. Mafi muni, idan ranar kotunsa ta zo yana hannun ICE bai bayyana ba, a wasu wurare wanda ya sa hannu ne zai shiga rigimar belin.

Birnin New York ya taƙaita haɗin kai da ICE a kan irin waɗannan takardu. Texas da Florida kuwa dokarsu ta wajabta haɗin kan. Don haka kafin ki ba kowa kuɗi, lauya ya bincika ko akwai riƙon ICE a kansa. Dillali mai tsoron Allah zai duba ya gaya miki. Wanda ba shi da shi zai karɓa ya yi shiru.

Belin shige da fice wani abu ne dabam, da kotunsa dabam, mafi ƙarancinsa dala 1,500, kuma ba kowa ake ba ba. Dokar Laken Riley da aka sa wa hannu a Janairun 2025 ta wajabta tsare wanda ya shigo ƙasar ba bisa ƙa'ida ba idan an kama shi da zargin sata, ko da ta kanti ce, tun kafin a same shi da laifi.

Mai girin kad (katin zama na dindindin) ma kada ya saki jiki. Amsa ƙaramin laifi don a fita da wuri yana iya zama sanadin kora daga ƙasar. Tun hukuncin Kotun Ƙoli a shari'ar Padilla na 2010, wajibi ne lauya ya gaya wa wanda yake karewa abin da amsa laifi zai jawo wa zamansa. A gaya wa lauya gaskiyar matsayin takardu. Sirri ne tsakaninsu. Ke ma, idan naki takardun ba su cika ba, ki nemi wani ya je gidan yarin a madadinki.

Kuɗin adashi ne da na taron masallaci. Akwai matsala?

Kuɗin halal ne, amma kotu ba ta san adashi ba. A manyan shari'o'i, musamman na ƙwaya ko zamba, mai gabatar da ƙara yana iya neman a yi zama na musamman don a binciki inda kuɗin beli ya fito. A nan za a tambayi wanda ya kawo: aikin me kake yi, nawa kake samu, ina ka sami wannan? Amsar "jama'a ce ta haɗa" ba ta wadatarwa. Ku rubuta sunan duk wanda ya bayar da abin da ya bayar, uwar adashi ta kawo littafinta, wanda ya ciro daga banki ya riƙe takardar. Kada wani ya ce nasa ne alhali ba nasa ba. Rantsuwa ake yi.

Yaya zan bambanta na gaskiya da macuta?

Dillalin beli sai da lasisi. A yawancin jihohi hukumar inshora ce ke bayarwa, a New York kuma hukumar kula da harkokin kuɗi ta jiha, kuma ana iya duba sunansa a shafinsu. Ka kira biyu ko uku kafin ka zaɓa. Wanda ya tare ka a harabar kotu yana tura maka kati, ko wanda ya ce zai haɗa ka da "lauyansa", ka yi hattara da shi. Jihohi da dama sun hana wannan.

Akwai kuma 'yan damfara zalla. Za a kira a ce ɗanka yana hannu, a turo kuɗi yanzu ta katin kyauta ko Bitcoin ko a ba wani ɗan aike, kuma kada a gaya wa kowa. Yanzu har muryar mutum suna iya kwaikwaya da na'ura. Babu kotun da ke karɓar beli da katin kyauta. Ka kashe wayar, ka kira ɗan naka, ka kira gidan yarin da lambar da ka nemo da kanka. Iyaye da ke gida Najeriya ko Nijar ma a gaya musu wannan.

Na biya. Yaushe zai fito?

Daga 'yan awoyi zuwa kwana guda, ya danganta da girman gidan yarin da lokacin da takarda ta isa. Sau da yawa cikin dare ake sakinsu, waya ba caji. Ka je da rigar sanyi.

Rikicin gida ne, kuma mun shirya. Zai iya dawowa gida?

Ki duba takardar da alƙali ya ba shi. A shari'ar rikicin miji da mata kusan kullum ana haɗawa da umarnin kariya, wanda ke hana shi zuwa gidan, kiran waya, tura saƙo, har da aiko wani. Wannan na ƙarshen ne ke kama mutanenmu. A al'adarmu idan aka yi faɗa sai a tura kawu ko liman ya je biko. A idon kotu, idan shi ya tura, ya karya umarni, sabon laifi ne, a sake kama shi, belin ma yana iya rushewa. Ko ke kika kira shi kika ce ya dawo, shi za a kama. Kuma ba ke ce mai ƙarar ba, gwamnati ce, don haka "na yafe" ba ya rufe fayil. Alƙali kaɗai ke sassauta umarnin, ta hannun lauya.

Idan kuwa tsoronsa kike ji, kada surutun dangi ya sa ki sa hannu a belinsa.

Mahaifiyarsa ta rasu a gida. Zai iya zuwa ta'aziyya? Hajji fa?

Ba tare da izini ba, a'a. Sau da yawa ana karɓe fasfo, kuma takardar kamfani kan hana fita daga jihar ma sai da yardarsu. Lauya yana iya roƙon alƙali, wani lokaci a yarda. Wanda ba ɗan ƙasa ba kuwa, ko an ba shi izinin fita, shigowa ce matsalar: mai shari'a a buɗe yana iya maƙalewa a filin jirgi. Ya yi addu'a daga nan, Hajji kuma akwai baɗi in da rai.

Ya tsallake ranar kotu. Shi ke nan na rasa komai?

Ba nan take ba. Alƙali zai ba da takardar kamu, a fara shirin cinye belin, amma akwai wa'adi. A Kaliforniya kwana 180 ne. Idan mantuwa ce ko rashin lafiya, a kira lauya da dillali a ranar, a tafi kotu da takardar asibiti. Wanda ya kai kansa cikin kwana ɗaya ko biyu yawanci ana mayar masa da belinsa.

Idan guduwa ya yi, kamfani zai sa masu farautar mutane a bayansa. Wani tsohon hukuncin Kotun Ƙoli na 1872 ya ba mai tsayawa iko mai faɗi na kamo wanda ya tsaya wa, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaure abin da ƙa'idoji. Ƙofarka za su fara bugawa, sannan wurin aikinka. Kuɗin wahalarsu kuma a kanka. Tsallake beli laifi ne mai zaman kansa, ko da asalin zargin ƙarya ne.

Ni dai shawarata ga duk wanda ya sa hannu: ka rubuta ranar kotu a wayarka kamar taka ce, ka kira shi daren jajibiri, in da hali ka kai shi da motarka.

Zan iya janye hannuna idan na ga take-takensa?

Kana iya zuwa ka gaya wa dillali, shi kuma yana da ikon mayar da mutumin gidan yari ya sauke lamunin. Ladan da ka biya ba zai dawo ba, zumunci kuma zai ji jiki. Amma dole ka yi kafin ya ɓace, ba bayan ba.

A addini, halal ne a biya irin wannan kamfani?

Tsaya wa mutum abu ne da shari'a ta sani, kafala ko lamuni, kuma hadisi ya ce mai lamuni shi ne mai biya. Malaman fiƙihu na da, har da Malikawa, ba su yarda a karɓi lada a kan lamuni ba, suna ganin aikin alheri ne da ake yi don Allah. Wannan ya shafi mai karɓa. Mai bayarwa da ba shi da wata hanyar fitar da ɗan'uwansa, malamai da yawa suna duba shi da idon lalura. Ka kai wa malaminka bayanin yadda abin yake, har da ko akwai ruwa a kan biyan kaɗan-kaɗan. Biyan kotu kai tsaye ya kauce wa tambayar gaba ɗaya.

Ofishin jakadancinmu zai taimaka?

Ba sa biyan beli, ba sa ɗaukar lauya. Suna iya ziyara da sanar da dangi. Najeriya da Gana suna cikin ƙasashen da yarjejeniya ta wajabta wa 'yan sanda sanar da ofishinsu idan an kama ɗan ƙasar, ko ya so ko bai so ba; ɗan Nijar kuwa sai ya nema. Mai neman mafaka ya gaya wa lauyansa tun da wuri.

Ba mu da kuɗin lauya bayan mun biya beli.

Wanda ba shi da hali kotu za ta ba shi lauya kyauta a shari'ar laifi, haƙƙi ne tun 1963. Tafinta ma kyauta ne. Ya ce Hausa yake so, kada kunya ta sa ya ce yana jin Turanci alhali na kasuwa ne kawai. Mutanenmu suna raina lauyan gwamnati, suna cewa na banza ne. Na tsaya kusa da su shekara da shekaru, da yawansu sun fi wanda za ka biya dubu biyar sanin alƙalan ginin. Matsalarsu yawan fayil. A kotun shige da fice ne babu wannan haƙƙin, don haka idan kuɗin kaɗan ne kuma akwai matsalar takardu, lauyan shige da fice ya fi cancanta da su.

Shari'a ta ƙare. Yaya zan karɓo jinginata?

Ba ta dawowa da kanta. Ka je ofishin magatakardan kotu ka karɓi takardar da ke nuna yadda shari'ar ta ƙare da cewa an sauke belin. Ka yi kwafi, ka kai wa kamfani, su sa maka hannu da kwanan wata a kan naka. Idan gida ne, ka nemi takardar cire alamar bashi, sannan ka bincika a rajistar gunduma cewa an shigar da ita, domin akwai wanda sai ranar da ya tashi sayar da gida, shekaru bayan nan, ya tarar alamar tana nan. Idan suka fara yi maka gobe-jibi, ka rubuta ƙorafi zuwa hukumar da ta ba su lasisi, ka haɗa da kwafin rasit da na yarjejeniyar. Idan kuma akwai sauran bashin lada a kanka, za su cire shi daga jinginar kafin su miƙo maka ragowar.